Yadda ake gano ko famfo ne ya sa yis ya daina jin fulukonazol

Gwajin MIC, wato auna mafi ƙarancin maganin da ke hana ƙwayar cuta tsiro, zai gaya maka cewa yis ɗin da ke gabanka, wato fangas mai ƙwaya ɗaya, ya daina jin fulukonazol, maganin cutar fangas, amma ba zai gaya maka dalili ba. Ni kuwa dalilin na fi damuwa da shi, domin yis ɗin da famfo, wato furotin mai fitar da magani daga cikin ƙwaya, ya sa ya ƙi magani ɗaya, sau da yawa ya riga ya ƙi 'yan'uwan maganin tun kafin a ba shi su. Abin da na sha gani a rubuce-rubucen ɗalibai shi ne, da zarar MIC ya hau sai a rubuta cewa famfo ne, a wuce. Kafin ka ɗora wa famfo laifi kana bukatar shaida uku: ka gan shi yana aiki, ka ga yis ya ƙara yawan ƙera shi, sannan ka nemo abin da ya kunna shi. Ga yadda nake bi.

Abin da kake farauta

Magungunan dangin azol, irin su fulukonazol da itirakonazol da borikonazol, suna shiga cikin ƙwayar yis su toshe wani enzayim mai suna Erg11, ɗaya daga cikin masu haɗa argosterol. Argosterol shi ne kitsen da ke riƙe tantanin da ya kewaye ƙwayar. Idan ya yi ƙaranci tantanin ya raunana, wani kitse mai guba ya taru, yis ya daina tsiro. A kan Candida, dangin yis mai jawo wa mutum cuta, azol tsayar da tsiro yake yi, ba kisa ba, kuma wannan ne ke ba ƙwayoyin da suka rage lokacin sauya hali.

Sai maganin ya taru a ciki kafin ya yi aiki. Famfo kuwa furotin ne da ke zaune a cikin tantanin, yana kama maganin yana jefawa waje. Kamar mai kwarfe ruwa daga kwalekwale ne: muddin yana kwarfewa fiye da yadda ruwan ke shiga, jirgin ba zai nitse ba.

Famfunan gida biyu ne, kuma dole ka riƙe bambancinsu domin duk gwaje-gwajen da ke tafe a kansa suka dogara. Gidan farko shi ne ABC, masu ƙona ATP, wato makamashin ƙwaya, don samun ƙarfi. A Candida albicans manyansu su ne Cdr1 da Cdr2, kuma ba sa zaɓe, kusan duk azol ɗin da suka samu fitarwa suke yi, Cdr1 ne ma ke ɗaukar mafi yawan aikin. Rajendra Prasad da abokan aikinsa ne suka ware ƙwayar gadon CDR1, mai ɗauke da umarnin ƙera Cdr1, a 1995. Gida na biyu shi ne MFS, waɗanda ba sa ƙona ATP kai tsaye, sun dogara da bambancin yawan furoton tsakanin ciki da wajen tantani. Babbansu Mdr1 ne, wanda ya fi ƙarfi a kan fulukonazol, yana taɓa borikonazol, amma itirakonazol ba abincinsa ba ne.

Ba tun yau aka san wannan ba. A 1995 Dominique Sanglard da abokan aikinsa sun nuna cewa yis ɗin da aka ciro daga bakin masu cutar ƙanjamau da suka daɗe a kan fulukonazol ba ya tara maganin a cikinsa, saboda waɗannan famfuna. A 1997 Theodore White ya bi jerin samfura 17 daga majiyyaci guda, ya nuna yadda juriyar ke hawa mataki-mataki: nan an ƙara MDR1, ƙwayar gadon Mdr1, can ERG11, ƙwayar gadon Erg11, ya sauya, daga baya CDR ya tashi. Darasin da na ɗauka daga wannan aikin shi ne yis mai tsananin juriya da wuya ya dogara da dabara ɗaya. Ko ka samu famfo, kada ka daina dubawa.

Fara da sunan ƙwayar, ka kuma adana ta

Tabbatar da jinsi tukuna. Candida krusei ba ta jin fulukonazol tun asali, babu abin bincike a nan. Candida glabrata tun farko jinta ga maganin kaɗan ne. Candida auris, wadda aka fara bayyanawa a Japan a 2009 daga kunnen wani majiyyaci, tsofaffin na'urorin tantancewa kan ba ta sunan wata, musamman Candida haemulonii. Faranti mai nuna launi irin CHROMagar yana taimakawa, albicans ta fito koriya, tropicalis shuɗiya, krusei ruwan hoda mai kaushi, amma babban amfaninsa a wurina shi ne tona samfurin da ya haɗa jinsi biyu. Don tabbaci sai MALDI-TOF, na'urar da ke gane jinsi ta furotin ɗinsa, ko karanta jerin DNA na yankin ITS, wanda ake bambanta jinsunan fangas da shi.

Ranar da ka samu tsiro mai tsabta, ranar za ka daskare shi a gilisarol a digiri 80 ƙasa da sifili. Kada ka yi ta dasa shi daga faranti zuwa faranti kana jiran lokacin gwaji. Wani ɓangare na juriyar yana zuwa ne daga ƙarin kwafin kuromosom, kuma yis na iya yar da ƙarin idan ya daɗe ba ya ganin magani. Anna Selmecki da abokan aikinta sun nuna a 2006 cewa wasu samfuran albicans masu juriya sun ninka hannun hagu na kuromosom na 5, inda ERG11 da TAC1, mai kunna famfunan Cdr, suke zaune tare. Cryptococcus neoformans ma tana yin irin haka da kuromosom na 1, mai ɗauke da ERG11 da famfon AFR1. Idan ka bari ƙarin ya zube, abin da za ka gwada ba shi ne ya addabi majiyyacin ba.

Idan akwai tsohon samfur daga majiyyacin nan tun kafin a fara masa magani, nemo shi ko ta halin ƙaƙa. Babu ma'aunin da ya kai shi. In babu, sai ka kwatanta da sanannen nau'i mai jin magani, kamar SC5314 ga albicans.

MIC, amma da magani fiye da ɗaya

Bi ƙa'ida guda, ko ta CLSI M27 ko ta EUCAST, wato ƙa'idojin hukumomin Amurka da Turai masu tsara wannan gwaji, kada ka gauraya. A ta CLSI ana amfani da ruwan shuka na RPMI 1640 da aka daidaita tsaminsa da sinadarin MOPS a pH 7.0, ƙwayoyi 500 zuwa 2,500 a kowace mililita, faranti mai ramuka 96, digiri 35, a karanta bayan awa 24. EUCAST na ƙara gulukos zuwa kashi 2 cikin ɗari, ƙwayoyinta sun ninka na CLSI sau ɗari, kuma da na'ura ake karantawa. Kowane zagaye sai ka sa nau'o'in tabbatar da inganci, Candida parapsilosis ATCC 22019 da Candida krusei ATCC 6258. Idan suka fita daga iyakarsu, zubar da sakamakon ranar gaba ɗaya.

Ga azol, MIC shi ne ramin farko da tsiro ya ragu da rabi idan an kwatanta da ramin da babu magani, ba ramin da ya washe tas ba. Nan mutane da yawa ke zamewa. Wasu samfuran suna barin ɗan hazo-hazo har zuwa ramukan da magani ya fi yawa, kuma in ka jira awa 48 hazon ya ƙaru har ya yi kama da juriya. Wannan jan ƙafa ne, haƙuri da magani ne, hanyarsa daban ce, ta fi alaƙa da kalsiniyurin da Hsp90, furotin biyu da ke taimaka wa yis jure wahala. Wanda ya karanta shi a matsayin juriya zai ɓata makonni yana neman famfon da bai tashi ba.

A ma'aunin CLSI, albicans mai MIC na maikirogiram 2 ko ƙasa a kowace mililita tana jin fulukonazol, 4 ya danganta da yawan maganin da aka bayar, 8 zuwa sama juriya ce. Ga glabrata juriya na farawa daga 64.

Yanzu ka jera sakamakon magunguna da dama gefe da gefe, domin siffarsu ita ce alamarka ta farko. Idan fulukonazol da borikonazol da itirakonazol duk sun hau tare, zargi Cdr1 da Cdr2. Idan fulukonazol ya hau amma itirakonazol na nan inda yake, zargi Mdr1 ko sauyi a Erg11. Magungunan fangas da ba azol ba, wato amfoterisin B da dangin ekinokandin, irin su kasfofangin da mikafangin, bai kamata su motsa saboda famfo ba: na farko yana kama argosterol ne a jikin tantani, na biyun suna toshe haɗa gulukan ɗin bangon ƙwaya, kuma juriyarsu daga sauyin FKS, ƙwayar gadon enzayim mai haɗa gulukan ɗin, take zuwa. In ka ga amfoterisin B ya hau tare da azol, koma kan hanyar argosterol, ka duba ERG3, wata ƙwayar gado ta wannan hanya, da makamantansa.

Ganin famfo yana aiki

Wannan ne matakin da na fi so, kuma ko ƙaramin ɗakin gwaji zai iya yin sa. Ana amfani da rini mai ƙyalli, rodamin 6G, wanda famfunan ABC ke fitarwa kamar yadda suke fitar da magani. Dabarar ita ce a sa yis yunwa har famfon ya tsaya, a cika shi da rini, sannan a ba shi sukari a ga yadda rinin ke fita.

Shuka samfurinka da na kwatance a ruwan shuka na YPD har su kai tsakiyar ganiyar tsiro. Kada ka ɗauki tsohon tsiro na kwana biyu, yawan famfo na sauyawa da shekarun tsiron. Juya su a santirifuj, ka wanke sau biyu da PBS, wato ruwan gishiri mai daidaitaccen pH, sannan ka daidaita yawan ƙwayoyi ya zama ɗaya a kowane bututu. Wannan daidaitawar ita ce ran gwajin, domin bututun da ya fi ƙwayoyi zai fi fitar da rini ko da famfonsa bai fi ba. Bar su a PBS marar gulukos na awa ɗaya zuwa biyu. Wasu na ƙara 2-diyoksigulukos don ya ƙarasa cinye ATP ɗin da ya rage, ni ma haka na fi so. Zuba rodamin har ya kai maikiromola 10, ka bar su kamar minti 30 zuwa 45 a rufe daga haske, sannan ka wanke da PBS mai sanyi don rinin da ke waje ya tafi.

Raba kowane samfur gida biyu. Ɗaya ka zuba masa gulukos kashi 2 cikin ɗari, ɗaya ka bar shi haka. Daga nan kana ɗiban kaɗan-kaɗan, a farko, sai minti 5, 10, 20, 30, kana juyawa nan take kana kwashe ruwan sama. Auna rinin da ke cikin ruwan a tsawon haske na nanomita 527, ko da na'urar auna ƙyalli idan akwai, ita ta fi gani.

Abin da kake nema shi ne tazara tsakanin mai gulukos da marar gulukos. Yis mai jin magani ma zai fitar da rini, domin kowane yis yana da famfo. Mai juriyar famfo zai fitar da shi da sauri, da yawa, kuma sai bayan an ba shi sukari. Idan rini na zuba ko babu gulukos, ko dai yunwar ba ta kama ba, ko ƙwayoyin sun mutu suna yoyo. Dasa kaɗan a faranti ka tabbatar suna raye.

Ga iyakar wannan gwaji, kuma ina roƙonka ka rubuta ta a littafin aikinka: Mdr1 ba ya fitar da rodamin 6G. Sakamakon da bai nuna komai ba bai wanke famfo ba, gidan ABC kawai ya wanke. Don ka kama Mdr1 sai ka sake da rinin Nile Red, wanda gidajen biyu ke fitarwa. Nile Red ya fita, rodamin bai fita ba, to Mdr1 ne a gabanka. A glabrata kuma ka kula da ƙwayoyin da mitokondiriyarsu, wato sashen ƙwaya mai samar da makamashi, ta lalace, masu fitowa ƙanana a faranti, waɗanda ba sa iya tsiro a kan gilisarol. Lalacewar tana kunna famfunansu sosai, sannan tana sauya yadda rodamin ke taruwa a ciki tunda rinin na son mitokondiriya.

Akwai hanya ta biyu, wato toshe famfon a ga ko magani zai dawo aiki. Ana jera fulukonazol a tsaye, mai toshewar a kwance a faranti guda, a lissafa FICI, wato ma'aunin yadda magunguna biyu ke aiki tare, kuma 0.5 ko ƙasa na nufin suna ƙara wa juna ƙarfi. Kulojilin na toshe gidajen biyu, milbemaisin na toshe ABC. Amma ka yi hattara da FK506, wato takurolimus. Gaskiya yana toshe Cdr1, sai dai yana kuma toshe kalsiniyurin, wanda yis ke bukata don jure azol ko da famfo ko babu. Idan shi kaɗai ka yi amfani da shi, ba za ka san wanne daga cikin ayyukansa biyu ka gani ba. Kuma duk waɗannan kayan gwaji ne. Babu wani mai toshe famfon fangas da aka amince a ba majiyyaci.

Ƙirga saƙon, sannan nemo makunnin

Shaida ta biyu ita ce yawan saƙon RNA, wato saƙon da ƙwayar gado ke aikawa don a ƙera famfo. Ciro RNA daga tsiro mai ganiya, wanda ba a sa wa magani ba, ka yi RT-qPCR, gwajin ƙirga wannan saƙo, na CDR1, CDR2, MDR1 da ERG11, kana daidaitawa da ACT1, ƙwayar gadon da saƙonta bai cika sauyawa ba, in da hali da wata ƙwayar gado ta biyu. Dalilin da ya sa na ce babu magani shi ne, samfurin asibiti mai juriya ta gaske famfonsa a kunne yake kullum, ba ya jiran a tsokane shi. Idan kana son tabbatar da cewa gwajinka na iya ganin tashi, tsokani nau'in kwatance: fulufenazin na tayar da CDR1 da CDR2, benomil na tayar da MDR1.

CDR2 da MDR1 kusan shiru suke a yis mai jin magani, don haka idan suka tashi lambar ninkin kan fito da girma ƙwarai. CDR1 kuwa dama yana da ɗan ƙarfi, ninkinsa ba zai yi girma haka ba, amma shi ne ya fi tasiri. Kada girman lamba ya ruɗe ka. Ninki biyu daga gwaji ɗaya kuma ba shaida ba ne, maimaita da tsiro uku daban-daban.

Shaida ta uku tana cikin DNA, kuma abin mamaki ba a cikin famfon kansa ake yawan samunta ba, a cikin mai ba shi umarni take. A albicans, Tac1 ne ke kunna CDR1 da CDR2, Alix Coste da Sanglard suka bayyana shi a 2004. Mrr1 ke kunna MDR1, aikin Joachim Morschhäuser da abokan aikinsa ne a 2007. Upc2 kuma shi ke tayar da ERG11. Sauyin harafi ɗaya kan sa waɗannan su maƙale a kunne, kamar sauye-sauyen da ake kira N977D a Tac1, P683S a Mrr1, G648D a Upc2. Albicans na da kwafi biyu na kowace ƙwayar gado, kuma juriyar kan ƙaru idan kwafin biyu duk suka zama masu sauyin, don haka ka duba takardar karatun DNA da idonka ka ga ko akwai ƙololuwa biyu a wuri ɗaya. A glabrata makunnin ɗaya ne, Pdr1, mai riƙe da CDR1 da PDH1 da SNQ2, kuma shi ne babban tushen juriyar azol a wannan jinsi. A auris ka karanta TAC1B, tare da ERG11, inda Y132F da K143R suka yawaita.

ERG11 dai ka karanta shi a kowane hali. Sauye-sauye irin G464S da S405F na rage kamun magani, kuma sau da yawa suna tafiya tare da famfo a samfur guda.

Sabon sauyin da ba a taɓa gwadawa ba zargi ne kawai, har sai an dasa shi a nau'i mai jin magani an ga MIC ya hau. Masu nazarin famfo ɗaya tilo kan dasa shi a Saccharomyces cerevisiae da aka cire wa manyan famfunanta, ciki har da Pdr5, don abin da aka gani ya zama na famfon da aka dasa ne. Rukunin Richard Cannon a Jami'ar Otago ya yi aiki sosai da wannan hanya.

Idan fumfunar Aspergillus fumigatus ce a hannunka, juya tsarin. Fara da karanta cyp51A, takwarar ERG11 a wannan fumfuna, ka nemi sauyin TR34/L98H, wanda ake dangantawa da azol ɗin feshin gona, sai idan ya fito lafiya ka koma kan famfuna irin Cdr1B.

Abin da za ka rubuta wa likita

Ana yin wannan duka ne saboda akwai mutum a kan gado. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jerin fangas 19 masu haɗari a Oktoban 2022, kuma albicans da auris da Cryptococcus neoformans da Aspergillus fumigatus su ne rukunin mafi tsanani. Likita ba zai jira gwajin rodamin ba, kuma bai kamata ya jira ba. Sunan jinsi da MIC za ka aika masa da zarar sun fito.

Idan azol da yawa sun hau tare, faɗa masa a fili cewa sauya fulukonazol da wani azol mai yiwuwa ba zai amfana ba, musamman a glabrata. Ga Candida a cikin jini ekinokandin ne ake farawa da shi, amma ba ya isa fitsari sosai, don haka wurin da cutar take yana da muhimmanci, kuma wannan hukuncin na likita ne.

Idan kuma MIC ya fito ƙasa amma majiyyaci ba ya samun sauƙi, kada ka tafi neman famfo. Tambayi ko akwai robar jijiya ko ta fitsari da ta daɗe a jiki. Yis da ya yi shimfiɗa a jikin roba yana tayar da famfunansa a farkon kafuwa, daga baya kuma gulukan ɗin da ya lulluɓe kansa da shi ya riƙe fulukonazol, alhali ƙwayoyin da ka ciro ka shuka a ruwa za su nuna suna jin magani. A nan cire robar ne magani. Tambayi kuma ko yana shan rifamfisin, domin yana sa hanta ta gaggauta narkar da azol har yawansa a jini ya faɗi, ga borikonazol da itirakonazol ma faɗuwar mai tsanani ce.

A rahoton bincike kuwa, rubuta iya abin da ka gani. Idan rodamin kaɗai ka yi, ka ce samfurin ya fi na kwatance fitar da rini bayan an ba shi gulukos. Idan ka haɗa da RT-qPCR, ka ce CDR1 da CDR2 sun tashi da ninki kaza a kan SC5314. Jimlar nan ta "famfo ne ya jawo juriyar" ka ajiye ta sai shaidun uku sun haɗu, ka kuma faɗi abin da ka samu a ERG11 a layin da ke biye.